Ƙafa Saba'in

Litinin, 16 ga Mayu 1966, bayan la'asar

Mista Anene ne ya ba ni wannan littafi. Ya ce in riƙa rubuta nisan jifana kullum, da abin da na ci, da yadda zuciyata take. Na ce nisa da abinci dai zan iya. Ya ce, "Tica, zuciyar ce ke jifa, hannu rakiya kawai yake yi."

Shi ne disfensa na asibitin sha-ka-tafi a nan Dutsin-Ma. Mutumin Gabas ne, amma a Zariya aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu ɗaliban da na koyar a Kurfi. Tica yake kirana, ko da yake shekara biyar ke nan rabona da allo, tun ranar da motar gyaɗa ta kife da mu, bayana ya karye. Daga ƙugu zuwa ƙasa ban san zafi ba, ban san sanyi ba.

A watan Maris ya kai mu gwaji Kaduna, ni da Rabo, wanda shi ma bayansa ya karye. Ni na zo na ɗaya a jifan mashi daga kan keken guragu, Rabo ya zo na ɗaya a harbin baka. Likitan ƙashi, Baturen da ya shirya gwajin, ya ce mu biyu muna cikin waɗanda za a kai gasar guragu ta ƙasashen duniya a watan Agusta, can wani tsibiri a bayan teku. Ya ce wanda ya jefa ƙafa saba'in zai iya dawowa da lambar yabo.

Yau: ƙafa sittin da uku. Tuwon dawa da kuka.

Laraba, 18 ga Mayu, da hantsi

Keke ɗaya gare mu, na asibiti. Ni da safe, Rabo da yamma. Wanda ba nasa lokacin ba sai ya kwanta a kan tabarma ƙarƙashin darbejiya ya yi kallo. Baba Manu, leburan asibiti, tsohon soja, shi ke ɗaure keken da igiya a jikin turaku don kada ya kife, shi ke ɗauko mashi, shi ke jan igiyar awo.

Rabo maharbi ne ɗan maharbi daga Rawayau. Daga kan rimi ya faɗo wajen ɗiban zuma. Bai san baƙi ba, bai san boko ba, amma daga yadi hamsin yana sa kibiya biyar cikin faifai ɗaya. Jiya ya tambayi Mista Anene, "Likita, in muna cikin jirgin saman nan, ina alƙibla take?" Mista Anene ya ce ya tambayi Tica. Ni ma ban sani ba.

Sittin da huɗu.

Asabar, 21 ga Mayu, bayan azahar

Sabon darasi. Mista Anene ya sa mu rufe ido, ya ce mu ga fili cike da mutane, dubu goma, duk suna kallonmu. Ya sa Baba Manu yana buga garwa a bayanmu don mu saba da hayaniya. Ya ce numfashi uku, sannan a saki. Ni da na rufe ido, ba dubu goma na gani ba, 'yan ajina na Kurfi na gani, suna tsaye a layi suna kallon yadda aka ɗauko ni kamar buhu.

Rabo ya ce shi barewa ya gani.

Laraba, 25 ga Mayu, da safe

Na taya Rabo sauya wando, don a ɗaki ɗaya muke kwana a bayan asibiti. Na ga wani abu a ƙasan bayansa, wajen da yake zama. Bai fi faɗin ƙwayar goro ba, ja, tsakiyar ta fara yin baƙi. Shi bai ji ba, tunda wurin ba ya ji.

Na faɗa masa. Ya kama hannuna.

"Malam, don Allah kar ka gaya ma Likita. Ka san mi zai yi. Zai kwantar da ni rub da ciki wata guda, ya cire sunana."

Na ce ai doka ce, ya sha faɗa mana. Miki irin wannan shi ke kashe irinmu, ba karayar ba.

"Sati biyu kawai, har takardu su fito. In sunana ya hau takarda ni da kaina zan nuna mashi. Ka rantse."

Sittin da biyu. Iska ce.

Litinin, 30 ga Mayu, da yamma

Direbobin da suka zo daga Kano da Zariya suna ba da wani labari a tasha kan abin da ake yi wa mutanen Gabas. Ba zan rubuta shi a nan ba, ba don shi aka ba ni littafin ba.

Mista Anene ya zo fili kamar kullum. Sau biyu ya manta adadin da Baba Manu ya faɗa masa. Mutanen da suka saba tsayawa a bakin fili suna gaishe shi, yau wasunsu sun wuce suna kallon ƙasa.

Laraba, 1 ga Yuni

Rekiya, matata, ta zo daga Kurfi da fura da wankakkun kaya. Ta ce tsofaffi a gida na cewa wai me gurgu zai je nema a ƙasar da ba a kiran salla. Na ce ke fa? Ta ce, "Ni dai na ga kana cin abinci, ka daina juya fuska bango. Ka je ko ina ne."

Sittin da biyar.

Juma'a, 3 ga Yuni, bayan sallar asuba

Mista Anene ya tafi Katsina a motar farko. Hotunanmu da takardun fasfo da wasiƙar Likitan ƙashi duk suna cikin jakarsa, za a buga musu hatimi. Ƙanwarsa ma tana can, yana so ya duba ta.

Baba Manu ya tare shi a ƙofa. "Likita, ka bari ƙura ta lafa. Sati ɗaya."

"Baba, in na bari sati ɗaya, jirgi ya tashi babu su. Litinin ina nan."

Ya juyo gare mu. "Rabo, lafiya dai? Babu wani wuri da ya yi ja?"

Rabo ya ce babu.

Ya dube ni. "Tica?"

Na ce babu.

Litinin, 6 ga Yuni, magariba

Bai dawo ba.

Talata, 7 ga Yuni, da hantsi

Bai dawo ba. Motar Katsina ba ta zo ba jiya, yau ta zo rabinta wofi. Baba Manu ya je tasha, ya dawo ya zauna a kan dakali. Da na matsa masa sai ya ce, "Malam, na ga yaƙi a Bama, amma can na san wanda nake yaƙi da shi." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ba mu fita fili ba.

Alhamis, 9 ga Yuni, bayan la'asar

Teloli biyu da mai gyaran agogo, 'yan garinsu Mista Anene, sun rufe shaguna sun tafi da iyalansu. Na ga motar ta wuce, katifu a sama. Ƙofar asibiti a kulle take, makullin yana cikin aljihun Mista Anene.

Rabo ya ce a fitar da shi. Na ce bari ka huta. Ya ce, "In ya dawo ya tarar hannuna ya mutu, mi zan ce mashi?" Ya zauna awa biyu a kan keke. Kibiya talatin, ashirin da shida cikin faifai. Ban taɓa ganin ya yi harbi kamar yau ba. Da Baba Manu ya ɗaga shi, akwai jiƙa a kan matashin.

Litinin, 13 ga Yuni

Ruwan farko mai ƙarfi. Gari duk ya tafi shuka. Na rubuta wa Likitan ƙashi wasiƙa da Turancina mafi kyau, na ce takardunmu sun ɓata tare da mai su, a gaya mana abin da za mu yi.

Ban san ko "ɓata" ce kalmar ba.

Juma'a, 17 ga Yuni, bayan masallaci

Yau na nuna wa Baba Manu bayan Rabo. Ya kai faɗin tafin hannu. Baba Manu ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni tun yaushe. Na ce kwanan nan ne.

Ya tafasa ruwa da gishiri ya wanke, ya yage tsohon rawaninsa ya ɗaure. Ya ce aidin da bandeji da allura duk suna bayan ƙofar can, taku goma daga inda muke kwance. Ya je ya nemi izinin fasa kwaɗo, aka ce a jira sabon disfensa.

Rabo yana kwance rub da ciki yanzu. Keken nawa ne safe da yamma.

Sittin da shida. Sittin da bakwai da yamma.

Laraba, 22 ga Yuni

Ba wasiƙa.

Talata, 28 ga Yuni, da safe

Ba wasiƙa. Ɗakin ya fara wari, ƙudaje sun gane hanya. Rabo na sa ni in koya masa Turanci yana kwance, fuskarsa a kan hannuwansa. Ya iya faɗin sunansa da sunan ƙasarsa, ya iya cewa na gode. Ya ce in koya masa yadda ake cewa "a ba ni wata kibiya". Na koya masa. Yana ta maimaitawa har zazzaɓin ya taso.

Yana kuma jan tsarkiyar bakansa a kwance, ba kibiya, sau ɗari. Wai kada kafaɗa ta manta.

Juma'a, 1 ga Yuli

Ina rufe ido kamar yadda aka koya mana. Numfashi uku. Ba na ganin fili, ba na ganin 'yan ajin. Ƙofar nan nake gani da safiyar Juma'a, da Mista Anene, jaka a hannunsa, yana kallona yana jira.

Sittin da biyar.

Talata, 5 ga Yuli, bayan azahar

Inna Tani, mahaifiyar Rabo, ta zo daga Rawayau da ƙanin mijinta da amalanken shanu. Ƙaramar tsohuwa ce, ba ta kai kafaɗar Baba Manu ba. Ta ɗaga zanen da aka rufe shi da shi, ta duba, ta mayar. Ba ta yi kuka ba.

Na ce, "Inna, a kai shi babban asibiti Katsina ya fi. Can akwai allura."

Ta ce, "Katsina ta ci wanda ya tahi da ƙafafunshi. Ba ni kai mata wanda ba shi da su."

Rabo ya yi ta roƙonta, ya ce wasiƙa na nan tafe. Ta ce in ta zo Malam zai aiko. Aka shimfiɗa ciyawa da tabarma a amalanke, aka kwantar da shi, bakansa da kwarinsa a gefe. Da za su tashi ya ɗago kai ya ce, "Malam, ka ci gaba da jifa. In ɗayanmu ya daina, sai su ce mun fasa."

Inna Tani ta tsaya a gabana ta ce, "Allah ya saka maka, Malam. Ya ce kai ke kula da shi."

Na ce amin.

Litinin, 11 ga Yuli

Ba wasiƙa. Sittin da takwas.

Alhamis, 14 ga Yuli, da hantsi

An kawo sabon disfensa. An fasa kwaɗo. Mutumin kirki ne, amma ya ce bai san da wata gasa ba, babu takarda a kan haka cikin abin da aka danƙa masa, kuma keken na asibiti ne, sai dai ya bar mini shi zuwa ƙarshen wata don mutunci. Na roƙe shi aidin da bandeji da ƙwayoyi, ya ba ni. Baba Manu ya kai su Rawayau a kan kekensa na hawa. Ya dawo bayan la'asar ya ce an shafa. Na ce yaya jikin? Ya ce an shafa.

Talata, 19 ga Yuli, da safe

Ƙasa a jiƙe, babu iska. Jifa na huɗu. Tun kafin mashin ya sauka na sani, don kafaɗata ba ta ji nauyin komai ba. Baba Manu ya ja igiya, ya ƙirga ƙulli, ya sake ƙirgawa.

"Saba'in da ɗaya, Malam."

Na duba bakin fili. Akwai wata mata da tulu a ka, ta wuce ba ta juyo ba. Akwai awaki.

Baba Manu ya ce, "In je in ɗauko?" Na ce ya bar shi tukuna. Muka zauna muna kallon mashin a tsaye cikin laka har rana ta yi zafi.

Asabar, 23 ga Yuli, bayan magariba

Na je Rawayau. Mota zuwa Kurfi, daga nan yayana Yero ya ɗora ni a jaki ya riƙe ni ta baya. Gero ya kai ƙugu, ko'ina kore, mutane na ta noma suna mana sannu.

Ban gane Rabo ba da farko. Kafaɗun nan da suka fi nawa faɗi sun zube. An yi turaren ƙaro a ɗakin amma bai rufe komai ba. Ya ce, "Nawa?" Na ce saba'in da ɗaya. Ya yi murmushi, ya ce da Likita na nan da ya jefa hularsa sama.

Inna Tani ta fita ɗebo ruwa. Na ce, "Rabo, ranar nan da ya tambaye ni..."

Ya ce, "Ni na sa ka rantse."

"Ni ne na yi karatu. Ni na san abin da yake."

"Malam, bar wanga zance. Da ka faɗa, da na ƙi ka har abada. Yanzu ko ga ka ka zo a kan jaki." Ya yi tari. "Ruwan tekun nan, da gaske ba a shan shi?"

Na ce da gaske, gishiri ne. Ya ce to ashe ba mu yi asarar komai ba.

Asabar, 30 ga Yuli

Rediyon kantin Alhaji Ilu tun jiya kiɗan soja kawai yake yi. Wani abu ya sake faruwa a can Kudu. Mutane sun taru suna saurare. Ni na ce Baba Manu ya kai ni fili. Gobe zan mayar da keke.

Sittin da tara.

Laraba, 3 ga Agusta, da yamma, Kurfi

Na dawo gida. Wasiƙata ta riga ni isowa, ita ɗin dai da na aika, ba a buɗe ta ba. An rubuta a baya cewa Likitan ƙashi ya koma ƙasarsu.

Rekiya ta gyara mini tsohon wurina a zaure.

Juma'a, 5 ga Agusta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Rabo, da hantsi. Yero ya kai ni, mun samu salla.

Lahadi, 14 ga Agusta

Yau ne, in lissafina daidai ne. Can wani wuri ana busa ƙaho, mutane na shiga fili a kan kekuna, kowa da tutarsa.

Rekiya ta kawo kunu. Ta kawo tuwo. Ta ɗauke su.

Alhamis, 25 ga Agusta

Ba na jifa. Babu abin da zan zauna a kai, babu mai jan igiya. Hannuna na dama yana motsi da kansa bayan sallar asuba.

Talata, 6 ga Satumba, bayan la'asar

Baba Manu ya zo daga Dutsin-Ma da wasiƙa a cikin hularsa. Da na ga rubutun bayan ambulan sai na kasa buɗewa, Rekiya ce ta yage mini bakin.

Mista Anene yana da rai. Yana wani gari kusa da Inugu, wajen dangin mahaifinsa, garin da bai taɓa zama ba. Ya ce wani mahauci ne ya ɓoye shi kwana huɗu a rumbu. Ya ce jakar ta ƙone, mu yafe masa. Bai ambaci ƙanwarsa ba, ko da kalma ɗaya. Hannunsa na hagu ba ya aiki sosai yanzu, ya ce shi ma ya kusa shiga ƙungiyarmu.

Sannan ya rubuta: "Tica, kada ku karaya. Akwai wata gasar bayan shekara biyu, ta fi wannan girma. Na sami wani maƙeri a nan mai gyaran kekuna, ya yarda zai ƙera muku biyu, kowa da nasa, ba sauran jiran layi. Na san awonka da ka. Na Rabo ne na manta. Ka auna mini shi: faɗin ƙugu, daga ƙugu zuwa gwiwa, daga gwiwa zuwa diddige, da tsawonsa gaba ɗaya. Ka aiko da wuri."

Na karanta wa Baba Manu. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Can ya ce, "Ni na auna shi ranar, Malam. Da karan dawa, don masu haƙa. Bai kai kara ɗaya da rabi ba."

Ya tambaye ni me zan rubuta. Na ce zan rubuta masa duka, tun daga ranar Laraba da na gani, da safiyar Juma'a da ya tambaye ni. Rekiya ta kawo takarda da alƙalami ta ajiye a kan tabarma.

Na rubuta gaisuwa. Na rubuta cewa mun gode Allah da ya tsare shi. An kira magariba ban wuce nan ba.